Hulata tana komawa kwano, shimfiɗata tana karkacewa: da me zan fara saƙar kwarashi?

Tambayar da wata ƙanwata ta aiko ita ce: "Anti, yayata za ta haihu cikin Disamba in Allah ya kai mu, saura wata uku ke nan. Na sayi kwarashi da ulu, ina so in saƙa wa jaririn hula da safa da shawul kafin suna. Sati biyu ina bin bidiyo a YouTube, amma zagayen da na fara ko dai ya kife kamar kwano ko ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas, wanda na yi a miƙe kuma sama ta fi ƙasa tsukewa. Ko dai ba ni da hannun saƙa ne? Da me ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sauki Yaya lafiya.

Maganar "ba ni da hannu" ki ajiye ta gefe. Na daɗe ina koyar da saƙa, mata da 'yan mata har da tsofaffin da suka aurar da jikoki, kuma abubuwan nan uku da kika lissafa kusan duk wadda ta riƙe kwarashi ta yi su a satinta na farko. Ni ma na yi. Ba su da alaƙa da baiwa. Yawanci matsalar ƙirga ce, wani lokaci kuma matsalar yadda kike jan zare. Abin da ya ƙara rikita ki shi ne kin fara da hula, kuma kina bin ƙirgar matar da ke cikin bidiyo alhali zarenta ba irin naki ba ne.

Bari mu fara da zaren, don nan ne ake yawan asarar kuɗi.

Abin da muke kira ulu a kasuwa, wanda za ki samu a shagunan kayan ɗinki na Sabon Gari a Kano ko babbar kasuwar kowane gari, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne. Akirilik ne, dangin roba. Yana da arha, yana da launuka masu kyau, yana jure wanki, yana kuma riƙe ɗumi, shi ya sa ya dace da hular jariri da rigar sanyi lokacin hunturu. Amma wuta maƙiyiyarsa ce. Ɗaya zaren kuma shi ne na auduga: ba ya miƙewa sosai, yana shan ruwa, yana jure zafi. In mai shago ya ce miki auduga ce kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yanki ɗan guntu in kin koma gida, ki kai shi bakin ashana a tsakar gida. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma irin na takarda ne, ta bar toka mai laushi. Akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, da wari irin na leda.

Na san wannan da jikina. Farkon aurena na saƙa abin sauke tukunya da ulu ja da fari, na ji daɗin kaina har na rataye shi inda duk mai shigowa kicin zai gani. Ranar da na kama tukunyar miyar kuka da shi daga kan murhu, kafin in kai ta ƙasa na ji yana manne wa hannun tukunyar, ga ɗumi ya ratso har yatsuna. Da na ɗaga, wurin ya yi sheƙi ya ƙandare kamar an ɗiga masa kyandir. Tun ranar duk abin da zai kusanci wuta da auduga nake yinsa, kuma riɓi biyu.

Ga mai koyo, ki nemi zare mai matsakaicin kauri, mai santsi, mai haske: ruwan madara, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan goro mai duhu ki bar su tukuna, domin ba za ki ga idon saƙar ba, balle da dare in an ɗauke wuta kina aiki da fitilar waya. Mai gashi-gashin nan da ke burge mutane shi ma ki ƙyale shi, ba ya warwaruwa in an yi kuskure. In ulun da kika riga kika saya siriri ne, ba asara kika yi ba: ki haɗa bakin dunƙule biyu ki saƙa su tare kamar zare ɗaya.

Kwarashi kuma da milimita ake auna shi, lambar tana jikinsa. Mai lamba 4 shi ne abokin mai koyo da matsakaicin zare. Na 2 zuwa 2.5 na siririn zaren ado ne, irin wanda ake hular maza da shi. Na 8 zuwa 10 na zaren tsumma ne. Ki ƙara da almakashi, da tef ɗin awo irin na tela, da basilla ta ɓoye bakin zare, da fil mai kulle biyu ko uku na sa alama. Shi ke nan kayan aikin. Kada kowa ya sa ki sayi akwatin kwarashi goma sha biyu yanzu.

Saƙar kanta ba ta da yawa. Akwai sarƙa, wadda ita ce tushe. Akwai gajeriya, wadda a bidiyo suke ce wa singil: ki soka kwarashi cikin ido, ki jawo zare, maɗauki biyu ke nan a kan kwarashi, ki naɗa zare ki fitar ta cikinsu gaba ɗaya. Akwai doguwa, wato dobul: ki fara naɗa zare kafin ki soka, ki jawo, maɗauki uku, ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage. Sai haɗi, wanda ake rufe zagaye da shi. Da waɗannan huɗun za ki yi duk abin da kika lissafa. Abu ɗaya da ke ruɗa masu bin bidiyo: Amurkawa da Turawan Ingila ba su kiran saƙar da suna ɗaya. Abin da 'yar Amurka ta kira singil, 'yar Ingila dobul take ce masa, dobul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne. Saboda haka ki kalli hannun matar, ki ƙirga sau nawa take naɗawa, kada ki dogara da abin da bakinta ke faɗa.

Yanzu ga shimfiɗarki da ke tsukewa ta sama. Kina zubar da ido ne a gefe. Idon ƙarshe na kowane layi ɓoyewa yake yi, yana kwanciya a gefe kamar ba ido ba, sai mai koyo ta tsallake shi ta juya. Layi ɗaya ido ɗaya ya tafi, layi goma ido goma, sai ki ga abu ya fara da faɗin tafin hannu biyu ya ƙare da na ɗaya. Maganinsa guda biyu ne kuma duka ba su da daɗi: ki sa fil a idon farko na kowane layi da zarar kin saƙa shi, don in kin dawo ki san inda za ki tsaya, sannan ki ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi. Kowane layi. In kin fara da 25 ki tabbata 25 kika gama da su. In kuma ƙasan ce ta tsuke abin ya lanƙwashe kamar bakan gizo, to sarƙar tushe kika ɗaure da yawa. Ki yi sarƙar da kwarashin da ya fi naki girma da rabin lamba ko lamba ɗaya, sannan ki koma na ainihi.

Shi ya sa nake so aikinki na farko ya zama abin sauke tukunya, ba hula ba. Zaren auduga, sarƙa 26, ki fara daga ido na biyu, gajeriya 25 a layi, ki yi ta tafiya har tsawo ya yi daidai da faɗi. Ki yi guda biyu, ki ɗora ɗaya kan ɗaya, ki bi gefensu da gajeriya ki haɗe su, ki yi 'yar sarƙa a kusurwa ta ratayewa. Na farkon zai fito a karkace. Ki bar shi haka, tukunya ba ta duba kyau. Na biyun za ki ga bambanci da idonki. Amfanin wannan aiki shi ne ya koya wa hannunki na hagu riƙon zare, domin shi ke da iko da tsauri da sakin saƙa, ba hannun da ke riƙe da kwarashi ba. Ki ratsa zaren ta ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ki ɗora shi kan manuniya, ya riƙa zamewa a hankali. In kwarashi yana ƙara kamar ana murza roba lokacin da kike sokawa, ko sai kin cije leɓe kafin ya shiga, kin ɗaure da yawa. Kusan duk mai koyo ɗaurewa take yi saboda tsoron kada abu ya kuɓuce mata. Ba zai kuɓuce ba; a kwarashi maɗauki ɗaya tak ne a buɗe, ba kamar saƙar tsinke biyu ba inda layi guda zai iya zubewa. In ke bahaguwa ce, duk wannan ki juya shi, kuma ki nemi bidiyon bahagwai ko ki zauna gaba da gaba da mai koya miki maimakon gefenta.

Mu zo kan kwano da ganyen latas, inda nake so ki fi natsuwa.

Zagaye yana kwanciya lafiya ne kawai in adadin idon da ake ƙarawa ya yi daidai da yadda da'irar ke buɗewa. In ƙarin ya yi kaɗan, gefe ba ya isa, sai ya tashi sama, ga kwano. In ya yi yawa, gefe ya rasa wurin zama, sai ya yi ta lanƙwasa. Ƙa'idar kuma ba ta canzawa. Da gajeriya, ki fara da ido 6, ki ƙara 6 a kowane zagaye: 6, 12, 18, 24. Da doguwa, ki fara da 12, ki ƙara 12: 12, 24, 36, 48. Yadda ake rarraba ƙarin shi ne: a zagaye na biyu ki saƙa biyu a cikin kowane ido. A na uku, biyu a ido ɗaya, ɗaya a na gaba, haka har ki zagayo. A na huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya. A na biyar, biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ina sa ɗalibaina su riƙa faɗinsa a fili kamar masu hadda, har sai ya zauna. In kin bi ƙirgar daidai amma har yanzu yana ɗan kifewa, hannunki ne ya yi tsauri, ki hau kwarashi na gaba.

Abin dariyar shi ne hula ai kwano ce. Bambancin kawai, ke za ki yanke lokacin da za ta fara kifewa. Ana yin faifai a kwance har ya kai faɗin da ake so, sai a daina ƙari gaba ɗaya, a ci gaba da ido ɗaya a kan ido ɗaya, ita da kanta za ta lanƙwaso ta sauko.

To wane faɗi? Nan ne tef ya fi bidiyo. Kan jariri sabon haihuwa yakan kai wajen santimita 34 zuwa 36 in an zagaye shi. Hula tana buƙatar ta ɗan kama kai, don haka ki cire santimita 2, a ce 33. Ki raba da 3.14, zai ba ki santimita 10 da rabi. Wannan shi ne faɗin faifan daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Matar bidiyo da zarenta mai kauri za ta iya kai wannan faɗin a zagaye huɗu na doguwa, ido 48. Ke da siririn ulu wataƙila sai kin kai 60 ko 72. In kika tsaya a 48 don ita ta tsaya, hular 'yar tsana za ki samu. Daga nan ki sauko har tsawonta daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai santimita 12 zuwa 13, ki rufe da layin gajeriya ɗaya ko biyu. Lissafin nan shi ne na hular ɗan shekara biyar, shi ne na hular maigida: a auna kai, a cire kaɗan, a raba da 3.14. Shawarata ki yi guda biyu, ɗaya a wannan awon, ɗaya ta fi ta da santimita 3 ko 4 a zagaye, domin kan jariri yana girma da sauri a watannin farko, kuma hunturu yana kaiwa har Fabrairu.

Safa ta fi hula wuya duk da ƙanƙantarta, saboda dole biyun su zo daidai. Tafin ƙafar sabon jariri wajen santimita 8 zuwa 9 ne. Ki saƙa su a zama ɗaya, ko aƙalla rana ɗaya, don hannun da ya saƙa da safe cikin natsuwa ba shi ne hannun da zai saƙa da dare bayan an gaji da aikin gida ba. Ki rubuta ƙirgar ta farko a takarda layi-layi, kada ki ce za ki tuna.

Shawul kuwa shi ne babban aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba shi sati biyar zuwa shida. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne mai kusurwa huɗu da ake farawa daga tsakiya, wanda suke kira girani: doguwa uku-uku a haɗe, a kowace kusurwa a yi rukuni biyu da sarƙa biyu a tsakaninsu, a gefe kuma rukuni ɗaya a kowane gurbi. Ba a soka kwarashi cikin ido ma, cikin gurbi ake sokawa, shi ya sa yake sauri. Wasu suna yin ƙanana su haɗa. Yana da kyau, amma ki yi lissafi: shawul mai santimita 90 kowane gefe, in ƙananan na santimita 15 ne, guda 36 kike buƙata, kowanne da bakin zare aƙalla biyu da za ki ɓoye da basilla, ga ɗinkin haɗi. Na ga shawul da yawa da suka mutu a cikin leda a wannan matakin. Ki yi babba guda ɗaya, ki yi ta zagayawa har ya kai 90. In kin ga ya fara murɗewa gefe ɗaya, ki riƙa juya aikin bayan kowane zagaye.

Zaren shawul ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya. Da matsakaicin zare ki yi tanadin gram 400 zuwa 500, ki ƙara dunƙule ɗaya a kai, don kwarashi yana cin zare fiye da saƙar tsinke. Dalilin saye lokaci ɗaya shi ne rini. Zare launi ɗaya, kamfani ɗaya, in ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba sukan ɗan bambanta. In akwai lambar rini a jikin takardar, ki duba su zo ɗaya. Na taɓa yin shawul fari wa ɗiyar ƙanwata, zare ya ƙare saura zagaye shida, na koma shagon na ƙaro. A ɗaki ban ga komai ba. Ranar suna da aka fito da jaririyar tsakar gida rana ta haska, sai ga tsakiya fari fat, gefe kuma ya ja ruwan madara. Wata gwaggonmu ta ɗaga gefen ta ce, "Wannan adon da gangan kika yi shi?" Na ce mata eh.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu a kayan jarirai. Ba dutsen ado, ba maɓalli, ba ƙaramin fure da aka manna da gam, duk abin da zai iya cirewa ya shiga baki. Ba doguwar igiya a hula da za a ɗaure a wuya. Bakin zare a cikin safa ki ɓoye shi da basilla, ki bi ta cikin saƙa wajen santimita 5 ki dawo baya sannan ki yanke, domin sako-sakon zare yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya shaƙe shi ba a lura ba; ki juya safar ki duba cikinta bayan kowane wanki. Shawul na ɗauka ne da fita, ba a rufe fuskar jariri da shi, ba a kuma barinsa a tattare kusa da hancinsa yana barci. Sannan ki gaya wa Yaya in rana ta yi a cire masa hular. Muna da ɗabi'ar naɗe jariri da ulu ko a watan Afrilu, yaro yana zufa ƙuraje suna feso masa a wuya. Da a bazara za ta haihu, da auduga zan ce ki saƙa komai.

Wanki: ruwa mai sanyi ko ɗan ɗumi, sabulu mara ƙarfi, a matse a hankali ba a murɗa ba. Ki shimfiɗa shi a kan tawul ko tabarma mai tsabta a inuwa. In kika rataya shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo. Dutsen guga kuma kada ya taɓa ulu, yana kashe shi ya kwanta ya yi sheƙi, ba ya dawowa. Ki wanke duka kayan kafin ki kai, don ƙurar hunturu da ta hannu.

In kin gama da kayan jariri kuma hannu ya faɗa, gida cike yake da abin yi. Faifan nan da kika koya, in kika yi shi da siririyar auduga kika jera duwatsu a gefensa don nauyi, ya zama marufin jug ko kofin kunu, ƙuda ba ya shiga. Shimfiɗar nan mai miƙewa in kika naɗe ta biyu kika ɗinke gefe, jakar waya ce ko ta carbi. Tsofaffin rigunan tishat in aka yanka su siri-siri a zagaye aka ja, suna naɗewa su zama zare mai kauri. Da babban kwarashi za ki yi kwandon zuba kayan kwalliya ko abin taka ƙafa na ƙofar banɗaki. Ragowar ulu kada ki zubar ko da kamu ɗaya ne, ki tara a gwangwani, rigar matashin kujera za su zama. In kuma wata rana aka ce ki sayar, ki tuna har yau babu injin da ke yin saƙar kwarashi ta gaskiya yadda hannu ke yi, saboda haka ki sa kuɗin awanninki a kan kuɗin zare, kada ki gwada farashinki da na suwaitar gwanjo.

Ga yadda zan raba miki wata ukun. Satin nan da mai zuwa, abin sauke tukunya. Sati na uku, faifai kawai: ki saƙa, ki ɗora a kan tire ki ga ko ya kwanta, ki warware, ki sake, da zare ɗaya. Sati na huɗu hula. Daga nan shawul, safa kuma a ƙarshe lokacin da hannunki ya daidaita. Minti talatin zuwa awa ɗaya a rana ya isa. In wuyan hannu ya fara zafi ki ajiye, ki miƙe yatsu, in kwarashin siriri ne ki naɗa masa ƙyalle a mariƙi. In faifan sati na uku ya ƙi kwanciya bayan gwaji uku, ki turo min hotonsa a kan tire tare da lambar kwarashin da takardar jikin zaren, da adadin idon da kika ƙirga a zagayen ƙarshe.